Radka da Tutar Maƙwabta

Bas ɗin ta cika har bakin ƙofa, duk da haka Tibor ya kutsa ya tsaya a kan ƙanwarsa Jarmila, numfashinsa na warin barasa tun da hantsi. Ya shafe kumatunsa da fari da shuɗi da ja, ya rataya ƙaho a wuya.

"To, uwar 'yar Cek," ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "yau wa za ki yi wa tafi? Mu ko su?"

Fasinjoji suka bushe da dariya. Jarmila ta gyara kwandon burodin da ke cinyarta.

"Tutarsu ma fari da shuɗi da ja ce, Tibor. Ko ka sauya sheƙa ba sai ka wanke fuska ba."

Aka sake dariya, wannan karon a kansa. Amma ita ba ta yi ba. Ta juya ta kalli taga, motar na hawa dutsen da ƙyar, itatuwa sun sunkuya saboda nauyin dusar ƙanƙara.

A kan wannan gangaren 'yarta Radka ta koyi zamiya a kan ƙanƙara, da dogon katako ɗaure a kowace ƙafa, tun ba ta iya ɗaure takalminta ba. Ta yi shekaru tana tsere da sunan Slovakiya, har ranar da jijiyar gwiwarta ta tsinke. Tana kwance a asibiti koci ya kira ta a waya ya ce an ba wata gurbinta. Babu wanda ya leƙo. Jarmila ce ta yi ta ɗaga ta tana kai ta banɗaki, ta fita zuwa gidan burodi da asuba, ta dawo ta tarar da ita tana kuka da fuska a bango. Da ƙafar ta warke, ƙasar marigayi mahaifinta, Cek, ta ce ta zo. Ta tafi. Yau ne karon farko da za ta yi tsere a gida tun bayan tafiyarta.

A filin da 'yan tsere ke tsayawa, jama'a sun yi maƙil, ana kaɗa tutoci, ana shan shayi mai zafi a kofunan takarda. Duk bakin kowa Ivona, tauraruwar ƙasar, yarinyar da ta gaji gurbin Radka. Jarmila ta sami wuri a jikin shinge. Kusa da ita wata tsohuwar malamar Radka ce, Pani Olga, wato Uwargida Olga a harshensu, wadda ta yi kamar ba ta gan ta ba.

A zagayen farko Ivona ta zo ta ɗaya, Radka na biye da ita. An ɗan yi wa Radka fiton ba'a, Jarmila ta haɗiye. Amma a zagaye na biyu, da mai sanarwa ya kira sunanta a lasifika, filin ya ɗauki eho kamar an kama ɓarawo.

"Maciya amana!"

"Koma Prag, can Cek ɗinku!"

Ƙahon Tibor ya fi na kowa ƙara. Wani saurayi a bayan Jarmila ya daka tsawa, "Allah ya sa ɗayar gwiwar ma ta tafi!"

Jarmila ta juya. Ta san shi, kullum yana sayen burodi a wurinta.

"Kai, Milosh! Maimaita abin da ka ce."

"Pani Jarmila, wasa ne fa..."

"Wasa? Ka taɓa jin ƙarar jijiya in ta tsinke? Ina kuke da ƙahonninku lokacin da take rarrafe a tsakar ɗakina? Ƙasa, ƙasa! Ni ma 'yar ƙasar ce, a nan aka binne uwata. Ku kuka yar da ita, wasu suka tsinta, yanzu kuma ita ce mai laifi?"

Muryarta ta ɓace a cikin hayaniyar. A babban allo Radka ta riga ta gangaro, tana ratsa turakun da aka kafa a hanya hagu da dama, ƙanƙara na tashi a bayanta kamar gari. Jarmila ta riƙe shingen har yatsunta suka sandare. Idonta ba ya kan agogo, yana kan gwiwar dama. Radka ta tsallake layi, sunanta ya hau saman allo. Wani ya jefo kofin shayi, ya faɗi kusa da ƙafarta. Ta dube shi, ta cire hular kwanonta, ta je ta tsaya inda mai jan gaba ke tsayawa, ba ta ɗaga hannu ga kowa ba.

Saura Ivona kaɗai. Filin ya rikice da kiran sunanta. Ta taho da gudun da ya fi na Radka, har mutane sun fara rungumar juna. A turke na kusa da ƙarshe katakon ƙafarta ya sarƙe. Ta wuntsila, ta sake wuntsilawa, ta silalo a bayanta har cikin filin, tana wani irin ihu da Jarmila ta taɓa ji sau ɗaya a rayuwarta.

Tsit. Ko tuta ba ta motsa ba.

Kafin masu agaji su iso, Radka ta haye shinge da manyan takalmanta, ta durƙusa a kan Ivona. Ta danne mata kafaɗa don kada ta yunƙura, ta tallafe ƙafar da hannu biyu. Shirun ya yi yawa har na gaba-gaba suna jin abin da take cewa, da harshensu, da karin mutanen kwarin nan.

"Kar ki motsa, Ivona. Kalle ni, kar ki kalli ƙafar. Yi numfashi. Na sani, wallahi na sani. Za ta warke."

Ta cire rigar sanyinta mai tambarin Cek ta lulluɓa mata, ta bi gadon masu agaji tana riƙe da hannunta har bakin motar asibiti. Tafi ya fara daga wani lungu, a kunyace, sannan ya game filin.

Jarmila ba ta tafa ba. Ta ci gaba da riƙe shingen. Pani Olga ta dafa ta, idonta cike da hawaye, ta ce, "Tun tana ƙarama haka take, mai zuciya." Jarmila ta zame kafaɗarta.

Can gefe ta hango Tibor a gaban kyamara, wata 'yar jarida ta miƙa masa abin magana. Ƙahon ya ɓoye shi a cikin riga.

"'Yar ƙanwata ce ai! Jininmu ce. Irin tarbiyyar da muke ba yaranmu a nan ke nan. Zinaren nan da ta ci, in an bi gaskiya, namu ne."

Ta yi niyyar zuwa ta fizge abin maganar ta faɗa wa duniya komai. Har ta ɗaga ƙafa, sai aka kira Radka kan dandamali, aka rataya mata lambar zinare, aka fara jan tutar Cek sama. Taken ƙasar Cek ya tashi a lasifika. Matasa suka tsaya shiru, ba su san baitocin ba. Jarmila ta sani. Lokacin da take firamare ƙasashen biyu ɗaya ne, kuma da wannan baitin ake fara taken kafin a shiga nasu.

Ta buɗe baki ta fara rerawa, ita kaɗai, da muryar da ta dushe saboda faɗa. Radka ta jiyo, ta nemo ta da ido a cikin taron.

Tibor ya matso kusa da ita, yana murmushin neman shiri. Jarmila ta tsaya a tsakiyar baiti, ba ta ko dube shi ba.

"Ka san shi," ta ce. "A makaranta ɗaya aka koya mana. Rera."