Na Gidan Ajimi Ne

Duk Kasuwar Shanu ta Maiduguri, in ana lissafin masu zargi, da Ba Ajimi ake farawa. Mutum ne da ko sallama ka yi masa sai ya juya ta ya dubi bayanta kafin ya amsa. Katinsa na ɗan ƙasa yana cikin wata 'yar jakar fata mai kama da laya, rataye a wuyansa can ƙarƙashin 'yar ciki. Lambar BVN ɗinsa kuwa ko matarsa Ya Kaltum ba ta taɓa jin ta ba. In saƙo ya shigo wayarsa wai daga banki, ba ya ko buɗewa, sai ya yi tsaki ya ce 'yan damfara sun yi sammako. Ya sha faɗa wa dillalai a rumfa cewa ɓarawon zamani ya daina haura katanga, sunanka yake ɗauka ya bar ka kwance a kan tabarmarka.

Sana'arsa fatomanci ce, gadon uba. Makiyayi ya koro shanunsa daga daji ya sauka a gidan fatoma, ya ci ya sha ya kwana a zaure, fatoma ya tsaya masa wajen ciniki, ya shaida wa mai saye cewa shanun nan ba na sata ba ne, sannan ya karɓi la'adarsa. Jarin fatoma ke nan, sunansa. A zamanin mahaifin Ajimi, wanda ya bar kiwo ya zauna birni, baƙo ya ce "na gidan wane ne" kawai, an gama magana.

Da fitina ta zo aka kafa shingen bincike a kowace hanyar shigowa gari, sai baki ya daina isa. Makiyayi ba shi da kati, Hausarsa ma da ƙyar, ga shi an san 'yan bindigar daji suna kore shanun jama'a suna neman inda za su sayar. Baƙin Ajimi suka riƙa wuni a rana a bakin shinge. Abin ya dame shi, don yana son mutanen nan har ransa. Sai ya tafi wani shago a unguwar Mafoni ya sa aka buga masa kwafin katinsa tuli guda, yana tsaye a kan mai shagon kada ya ɓoye ko ɗaya. A bayan kowane kwafi ya rubuta lambar wayarsa da jan biro. Duk wanda ya ci abincin gidansa, ranar tafiya sai ya miƙa masa ɗaya, ya ce in an tare shi ya nuna, a kira.

Ya Kaltum ta ce, "Alhaji, kai da ko ni ba ka bari in taɓa katin nan, shi ne kake rabonsa kamar goron suna?"

Ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Katin yana nan. Waɗancan ai takardu ne."

Haka aka yi ta tafiya. Aka rufe kasuwa wani lokaci, aka sake buɗewa da kwamitin tantance shanu. Kuɗi ya lalace, mudun gero ya zama abin shawara kafin a saya, shanu suka yi ƙaranci, masu karɓar haraji kuwa suka yi yawa kamar ƙuda a mahauta. Ajimi da a da yake loda tirela zuwa kudu, yanzu sai dai ya zauna a rumfa yana jan carbi yana kallon turakun da babu komai.

Wata safiya wani mai karɓar haraji da ake kira Inuwa ya yi sallama a rumfar, da jaka a hammata.

"Wushe, Ba Ajimi. Harajin lodi ne ya kawo ni. An ɗaga maka ƙafa saboda girmanka, amma abin ya taru."

Ajimi ya dube shi tun daga hula har takalmi. "Wane lodi? Kai ɗan nan, nuna mini shaidar aikinka tukuna. Irinku nawa suka zo nan da rasit na bogi?"

Inuwa bai yi fushi ba, ya nuna. Sannan ya zaro takardun lodi ya ajiye a kan tabarma. Tireloli ne suka fita da shanu a cikin damina, kowacce da sunan Ajimi a matsayin mai shanu kuma mai tsaya musu. A jikin kowace takarda an maƙala kwafin kati. Ajimi ya ga fuskarsa ta yi baƙi-ƙirin saboda yawan bugu. Ya juya bayan takardar. Kwafi ne na kwafi, jan biron ya koma baƙi, amma rubutun nasa ne, babu ko tantama. Hannunsa ya tafi wuyansa da kansa. Layar tana nan, katin yana ciki, kuma a lokacin ya gane cewa kasancewarsa a ciki ba ta tsare komai ba.

Inuwa ya rage murya. "Baba, harajin ma mai sauƙi ne. Wani mutumin ƙauye ya gane shanunsa da aka kore a cikin lodin ƙarshe. Kwamiti na neman ka."

Shugaban kwamitin abokin ƙuruciyar Ajimi ne, amma ranar da ya je bai ko ce a kawo masa shayi ba. Ya ce, "Ajimi, mun san ka, mun san mahaifinka. Amma wannan magana ta wuce kasuwa. Ɗayan biyu ne. Ko ka kawo mana sunan wanda ya yi aiki da takardarka mu miƙa shi, ko ka ɗauki harajin a kanka, ka je kotu ka yi rantsuwa cewa daga yau sunanka ba ya tsaya wa kowa. Ka yi shawara kafin zamanmu na gaba."

Fatoman da sunansa ba ya tsaya wa kowa, me ya rage masa? Ajimi ya hau keke napep ya nufi gida.

A zaure ya tarar da baƙi sun kewaye tiren burabusko. Suka yi masa lale, suka matsa masa wuri. Ya zauna, amma maimakon ya ci sai ya shiga kallon hannuwa. Wannan me ya sa yake cin abinci kansa a sunkuye? Wancan ina ya sami sabon takalmi a shekarar da kowa ke ɗinkin tsoho? Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Mutanen da ya yi shekaru yana kira 'yan'uwa, yau kowannensu sai ya ga ya yi masa kama da wanda zai iya.

Wanda idonsa ya fi tsayawa a kai shi ne Yunus, wani magidanci da garinsu ya tashi, ya zo da iyalinsa ya raɓe a ɗakin bayan gidan Ajimi, yana 'yar dillancin awaki. Yunus ya iya karatun boko. Yunus ya san direbobin tirela. Kuma a 'yan kwanakin nan Yunus ya sayi waya mai shafawa. Washegari da Yunus ya fita, Ajimi ya tari keke ya ce a bi bayan na gaba a hankali, dattijo da furfurarsa yana leƙe ta gefen labule kamar ɓarawon kaji. Keken Yunus ya tsaya a Mafoni. Yunus ya sauka ya shiga shagon nan na buga kwafi.

Da ya dawo, Ajimi ya tare shi a ƙofar gida. "Ina aka je?"

"Mafoni, Baba. Takardun makarantar yara na kai a buga, an ce za a ɗauki 'yan gudun hijira."

"Wayar nan fa?"

"Ƙanena na Legas ya aiko mini." Yunus ya dube shi. "Baba, lafiya dai?"

"Takardar da na ba ka tana ina?"

Yunus ya laluba aljihu ya fito da ita a ninke cikin leda. Wannan bai wanke shi ba, tunda takarda tana haihuwa. Bai kuma kama shi ba. Ajimi ya wuce ciki ya bar shi tsaye da leda a hannu.

Ya Kaltum tana tankaɗe a tsakar gida, ta ji komai. Ta ce, "Zato zunubi ne, Alhaji, ko da ya zama gaskiya."

"To in ba shi ba wa?"

"Ka ƙirga waɗanda ka ba? Wani ya mutu a hanya an laluba aljihunsa. Wani ya yar. Wani ya ba ɗan'uwansa aro kamar yadda ka ba shi. Ka tuna Bala mahauci. Mutum ɗaya ne ya ambaci sunansa, har yau matarsa tana bin ofisoshi da hotonsa."

Ya tuna. A shekarun nan ambaton sunan mutum a irin wannan magana ba ƙara ba ce, kusan haƙa masa kabari ne. Ajimi ya ji haushin matarsa don ta faɗi gaskiya, ya ji haushin kansa fiye da haka.

Ranar zaman kwamiti mutane suka cika rumfa har waje. Yunus yana can baya a tsaye. Shugaba ya ce, "Ajimi, ka zo mana da suna?"

Sunan yana kan harshensa. Kalma ɗaya ce, fatomancinsa ya tsira, haraji ya koma kan wani. Ya ɗaga ido ya sami Yunus yana kallonsa, kuma wallahi bai iya gane ko kallon mai laifi ne ko na mai tsoro ba. 

"Ban sani ba," ya ce. "Ni na raba, ni zan ɗauka."

Ya sayar da bijimin da yake kiwo a bayan gida da filin da ya ajiye wa 'ya'yansa, ya biya harajin shanun da bai taɓa gani ba. Ya je kotu ya yi rantsuwa. Aka yi shela da lasifika a kasuwa cewa duk takarda mai sunan Ajimi ta mutu, kuma in Ajimi ya sake tsaya wa wani, to wuyansa ne. Baƙi suka watse ɗaya bayan ɗaya zuwa gidajen wasu fatomomi. Yunus ya kwashe iyalinsa ya koma sansanin 'yan gudun hijira ba tare da sallama ba. Ajimi ya yi ta juya wannan tafiyar a ransa: gudun mai laifi ce, ko zuciyar wanda aka zarga a banza? Har yau bai sami amsa ba. Zauren ya zama wurin kwanan akuya.

Bayan kaka, wata rana da hantsi, wayarsa ta yi ƙara da baƙuwar lamba. Ya bar ta ta katse. Ta sake. Ya ɗauka, yana jira mai kiran ya fara.

Wani jami'i ne daga shingen hanyar shigowa gari. Ya ce ga wani tsoho da shanu biyu, ya nuna takarda mai wannan lamba, ya ce sunansa Gana, wai na gidan Ajimi ne. "Ka san shi?"

Ya san shi mana. Gana tun zamanin mahaifinsa yake sauka a zauren nan. Shi ya koya wa Ajimi duba haƙoran saniya, shi ya ɗauke shi a kafaɗa ranar da aka yi masa kaciya. Shekaru ba a ji ɗuriyarsa ba, har an ɗauka ya rasu. Farin ciki ya taso wa Ajimi, amma kafin ya kai bakinsa wani abu ya riga shi. Duk wanda ke yankin su Gana an kore masa garke. Ta yaya tsoho shi kaɗai ya tsira da biyu?

"Ku tambaye shi," Ajimi ya ji kansa yana cewa, "a ina ya samo shanun?"

Jami'in ya ce, "Yana jin ka, wayar a buɗe take."

Can nesa ya ji tarin tsoho. Kunya ta rufe Ajimi tun daga kai har ƙafa. Ya ce, "Na san shi! Ubana ne, na tsaya masa, ga ni nan zuwa!" Ya fita ko hula bai ɗauka ba, rantsuwar kotu da shelar lasifika duk ya bar su a baya.

Ya sami Gana zaune a gindin dalbejiya, ya rame ya zama kamar sandarsa, ga shanu biyu masu ƙashin haƙarƙari a waje. A cinyar kowacce akwai tsohon tambarin gidansu Gana, wanda Ajimi ya sani tun yana yaro. Ya sa hannu a inda aka nuna masa, aka ɗaga shinge. Ya durƙusa ya kama hannun tsohon da hannu biyu.

"Lale, Baba. Mu je gida, Kaltum ta ɗora tukunya."

Gana ya amsa gaisuwar duka, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Sannan ya kwance bakin rawaninsa ya ciro takardar. Ta yi laushi kamar tsumma, ruwa ya cinye rabin fuskar, amma jan biron yana nan.

"Duk gudun da muka yi, ita da carbina ban yar ba," ya ce. "Ga sunanka, ɗana. Na dawo maka da shi lafiya."

Ya sa ta a tafin Ajimi ya rufe masa yatsu a kai. Sannan ya dogara sandarsa ya miƙe, ya tambayi wani mai keke hanyar gidan fatoman da ke kusa, ya kora shanunsa ya bi bayansu.