Lamba Uku Yana Kallo

Lorraine Wozniak ta zagaye ƙarfe takwas na ranar Alhamis da jan biro, ta sake zagayewa, har biron ya huda takardar mujallar.

"Kin yi mata rauni," in ji ƙaninta Dwight daga bakin firiji, yana kwankwaɗar madara daga kwali. "A kira likitocin naki su ɗinke ta."

Kowace Satumba mujallar talabijin takan fito da kaurinta, cike da shirye-shiryen kaka na dukan tashoshi. A gidan nan na birnin Toledo, a Amurka, talabijin ɗaya ce, kuma abin da jan biro ya zagaye shi ake kallo. Shekara arba'in biron yana hannun Mama. Da aka binne ta a watan Afrilu ya koma hannun Lorraine, Dwight kuma ya dawo ɗakin baya da jaka biyu da takardar sakin aure, wai na mako biyu. Wata na biyar ke nan.

"Likitocin Bakin Tafki," ta ce. "An gama magana."

"Shekara goma sha ɗaya suna yi wa mutum ɗaya tiyata, Yaya. Ni Tsibirin Attajirai zan kalla. Yau za a fara."

"Inda ake zubar da masu kuɗi goma a tsibiri a ga wanda zai fara kuka? Ka duba madubi mana, kyauta ne."

Ba rigimar banza ba ce. An ɗauke Likitocin daga Talata an jefa su Alhamis, kuma kowa ya san ma'anar hakan: tashar ta fara haƙa musu kabari. Idan makonni uku na farko suka zo da ƙarancin masu kallo, za a soke shirin kafin ganyen bishiyoyi ya gama zuba. Lorraine kuwa tana da abin da maƙwabta ba su da shi. Bara kamfanin ƙidayar masu kallo ya zaɓi gidansu, ya ɗora ɗan akwati a kan talabijin, ya ba su rimot mai lambobi. Duk wanda ya zauna kallo sai ya danna tasa. Mama ɗaya, Lorraine biyu, da Dwight ya dawo aka ba shi uku. An ce kowace dannawa a madadin dubban mutane take. Lorraine, wadda ta shekara talatin tana zuba wa 'yan makaranta dankali a ɗakin cin abinci ba wanda ya taɓa tambayarta ra'ayi, ta riƙe wannan aiki kamar an rantsar da ita.

Ƙarfe huɗu aka buga ƙofa. Ma'aikaciyar kamfanin ce, Shanelle Broussard, ta zo duba akwati kamar yadda takan yi kowace kaka. Ta durƙusa ta taɓa wayoyi, ta duba allon hannunta.

"Komai lafiya. Hajiyar gidan fa? Na ga ba ta taɓa fashin shirin likitoci ba, har maimaicin da aka yi ta sakawa tun bazara."

Lorraine ta buɗe baki. Dwight ya riga ta.

"Ai tana da ƙoƙari. Daga maƙabartar coci take zuwa, ba ta taɓa makara ba."

Shanelle ta dube shi, ta dubi Lorraine.

"Shirinta ne," in ji Lorraine, muryarta a bushe. "Da tana nan da ta kalla. Ni dai danna mata nake yi."

"Allah ya ji ƙanta," Shanelle ta ce, yatsanta kuma ya riga ya goge lamba ɗaya daga allon. "Ya kamata in ɗauke akwatin nan yau. Ba zan yi ba, amma kada a sake. Kuma don hankalinki ya kwanta, ba wani abin kirki kika ƙara musu ba."

"Kamar yaya?"

"Muna ƙidaya kowa. Amma masu talla 'yan shekara sha takwas zuwa arba'in da tara suke nema, tashoshi kuma bakin masu talla suke kallo. Marigayiyar tamanin da huɗu. Ke kuma..." Ta duba allon. "Hamsin da takwas."

"To wa ake ji a gidan nan?"

Shanelle ta nuna Dwight da haɓa. Yana tsaye da gajeren wando da safa ƙafa ɗaya ja ɗaya fara. Arba'in da tara, sai Nuwamba zai cika hamsin.

Bayan ta tafi Dwight ya mimmiƙe a kujerar Mama, wadda ba a zama a kanta, ya ɗora ƙafa a kan mujallar.

"Kin ji ko, Yaya? Ni ne Amurka. Kawo biron."

Lorraine ta juya masa baya. Ta shiga kicin ta soya albasa, ta dafa piyerogi irin na Mama, kwaɓin fulawa da ake cusa wa dankali, ta zuba masa har ya ce ya isa. Ta bar shi ya ci, ya ƙoshi, ya yi gyatsa. Sai bakwai da rabi ta zauna gabansa ta naɗe hannu.

"Jiya na ga Marcy a kanti," ta ce. Marcy ce matar da ta sake shi. "Ta yi ƙiba mai kyau. Ta ce in tambaye ka, ka koyi kunna injin wanki, ko har yanzu mace kake jira ta mutu ka gaji ɗakinta?"

Cokalin ya tsaya a hannunsa.

"Ba ta faɗi haka ba."

"Rabin farko nata ne. Na biyun nawa."

"Wallahi ke muguwa ce. Shi ya sa ba wanda ya taɓa zama da ke sai tsohuwar da ba ta iya gudu."

Wannan ta shige ta, amma ba ta bari ya gani ba. "Ƙofa dai ba ta kulle ba."

Ya ture kujera. Ya ce gidan abokinsa Rusty zai je, inda talabijin ta kai girman ƙofar gareji kuma ba mayya a falo. Ya buga ƙofa har hoton Mama ya karkace. Ta ji tsohuwar motarsa ta yi tari sau uku kafin ta tashi.

Lorraine ta gyara hoton. Ta share wurin da ƙafarsa ta taɓa mujallar, ta kunna talabijin saura minti biyu. Ɗan akwatin ya fara ƙiftawa, yana tambayar wa ke nan. Ta danna biyu. Yatsanta ya wuce kan ɗaya don sabo, ya tsaya can kaɗan, fitilar ba ta kama ba.

Sai ta danna uku.

Kiɗan shirin ya tashi, motar asibiti ta biyo bakin tafki. Ta lissafa a ranta: Alhamis takwas kafin ranar haihuwarsa. Za ta buƙaci zagi bakwai sababbi na korar sa daga gida, kuma ba ta jin za su yi mata wuyar samu.