Sunan da Ya Maƙale wa Hasiya

Duk Wara, a bakin ruwan Ngaski, ba a yi mai baki kamar Hasiya mai bandar kifi ba. In ta soma ciniki sai mai saye ya roƙi arziki. Amma akwai kalma guda da ba ta taɓa ratsa haƙoranta ba, wato sunan ɗanta na fari, Jibrin. Alkunya ce irin ta iyayenmu. "Wancan" take ce masa, in ta ji daɗi ta ce "Kai".

Kunyar nan ce ta ja mata. Da mijinta ya rasu aka zo rabon kayan kamun kifinsa, sai ta ji nauyin a ce ta fifita ɗan fari, ta sa baki aka ba ƙaninsa Basiru jirgin ruwan. Jibrin ya ƙulle kayansa ya nufi Yelwa, wai zai hau mota zuwa Birnin Kebbi, inda sabuwar jiha ke neman leburorin gini, kuma ya rantse ba zai dawo ba. Hasiya ta bar kifi a kan wuta ta bi sawunsa, hankali a tashe, don duk cikin 'ya'yanta babu wanda take so kamarsa.

Tashar Yelwa ranar kasuwa ba ta jin kira. Ta ce "Kai", kawuna suka waiwayo rututu, babu nasa. Wani ɗan kamasho ya tare ta.

"Inna, wa kika biɗa? Mi as sunanai?"

Hasiya ta yanke shawarar yau kunya ta kwanta. Ta buɗe baki, sai ga sunan Basiru ya fito. Ta girgiza kai, ta sake, sai na ɗanta Tanimu. Ta sake, sai na ƙaninsa Cindo. Daga nan bakin ya miƙo mata Kyalla, akuyarta, wadda ita ma kullum ana kiranta da faɗa.

Kada ku yi mata dariya da yawa. Kan mutum kamar kwandon kifi yake: abin da hannu ya saba ɗauka shi ne a sama, in ka yi sauri kuwa maƙwabcin abin da kake nufi za ka damƙo. Sunan tana ganinsa, tana jin nauyinsa a harshe, ta san ranar da aka raɗa shi da ragon da aka yanka. Sai dai ta shekara da shekaru tana kore shi duk lokacin da ya leƙo, yau da ta neme shi ya yi zuciya.

Mutanen tasha ba sa ganin aikin lada su wuce. Mai rake ya ce ko Umaru ne. Mai shayi ya ce Ibrahim. Wani ya gwada Muhammadu, rabin mota suka amsa. Wata tsohuwa ta ba da shawarar a ba ta ruwa, wai suna a maƙogwaro yake kwana. Hasiya dai sai gumi, kunya da tsoro sun haɗe mata.

Duk abin nan Jibrin na ƙugun wata babbar mota bisa buhunan shinkafa, ya ja hula ya rufe fuska, yana jira ya gani. Direba ya tada mota. Iska ta ɗage hular, Hasiya ta hango shi zaune yana kallon wahalarta. Nan take ta daina laluben komai, haushi ya karɓi aikin.

"Jibrin, sakko nan tun ban ci mutuncinka ba!"

Ta kama baki da hannu biyu. Jibrin ya buga jikin mota aka tsaya, ya sauko a hankali, idanunsa sun kawo ruwa, ya durƙusa gabanta.

"Inna, ƙarar mota ta yi yawa, ban jiya ba. Sake hwaɗi."

Hasiya ta ja mayafi ta kau da kai.

"Sau guda nih haihe ka, sau guda za ka ji shi. Ɗauko kayanka, kihina na ƙonewa."