Kwalaben Rashida

Inna Batulu ta fizge wayar lasifikar, muryar da ke tallar maganin basir ta ɗauke cak a tsakiyar kasuwar Matameye. Masu rake suka waigo.

"Ke tsohuwa, lafiya?" in ji Muntaka mai maganin, yana dirowa daga bayan motarsa.

"Lafiyar uwar wa? Ka san waɗannan?" Ta zazzage buhunta, kwalabe bakwai suka gangara gabansa. "Naka ne. Shekara guda maƙwabciyata Rashida tana ɗirka wa cikinta. Jini take gani in ta zagaya, ka ce kwalba uku ta warke. Yanzu lokotoron asibitin Damagaram ya ce ciwon dajin hanji ne, har ya kama hanta. Sun sallamo ta gida. Yarinya 'yar ashirin da takwas, da goyo! Wuce mu je ka gan ta da idonka, ka ba ta haƙuri tun tana ji."

"Ni ban san wata Rashida ba."

"Ina za ka san ta? Kunya ta hana ta faɗa wa namiji. Ni nake zuwa saye."

Muntaka ya buɗe hannuwa, ya dubi jama'a. "To kun ji. Inna, ke kika zo kika ce basir. Ni abin da aka tambaya nake bayarwa."

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. Bara war haka suna matsar man gyaɗa a tsakar gidanta, Rashida ta sunkuyo ta raɗa mata abin da take gani a bayi. Batulu ta yi dariya. "Wa ba shi da basir a garin nan? Ki rage yaji, zan samo miki magani." Haka uwarta ta ce mata, haka ita ma ta ce wa duk macen da ta taɓa kawo mata wannan zancen.

Mutane suka yi cincirindo, kowa da nasa sanin.

"Taliyar ledar nan ce da lemun kwalba, su ke cinye yaran yanzu," in ji wata mai tallar daddawa.

"Kai, maganin feshi ne. Jiya a fesa wa kabeji, yau a kawo kasuwa."

"To kokon da ake zubawa a leda da zafinsa fa?"

"Ku yi min shiru!" Batulu ta daka tsawa. "Shi kansa lokotoron cewa ya yi bai san takamaiman dalili ba, sai dai matasa sun fara yawa a hannunsu. Abu ɗaya ya sani: da an kai ta ranar da jinin ya fara, da an yanke wurin. Ni kuwa nan na kawo ta, wurin wannan."

Wani dattijo cikin masu kula da kasuwa ya ratso. Ya tambaye ta ko ita ce uwar yarinyar.

"Katanga ɗaya ce tsakaninmu."

"To, Hajiya, mijinta ne mai magana. Ki yi haƙuri, komai nufin Allah ne."

"Ban je Makka ba, kar ka lallashe ni da Hajiya. Allah ne ya ɗura wannan ruwan a kwalba?"

A hankali aka watse, kowa ya koma kan kayansa. Muntaka ya tsince kwalaben, ya duba bakinsu ko sun fashe, ya jefa su cikin mota. Za su sake amfani.

Rana ta take sa'ad da ta kama hanyar gida. A hanya ne abin da ya faru da safe ya dawo mata: Rashida ta riƙe mata wuyan hannu da yatsun da suka zama kamar tsinke. "Inna, kar ki je. Ki zauna ki yi min fifita." Ita kuwa ta zame hannun. "Yanzu zan dawo. Sai na kawo miki shi ya durƙusa."

Tun daga bakin lungu ta hango tabarmi a ƙofar gidan su Rashida. Alasan, mijin Rashida, yana zaune cikin maza, kansa tsakanin gwiwoyi.

Zuhra, ƙanwar Rashida, ta tare ta a zaure da jaririn a kafaɗa. "Inna, tun hantsi take tambaya ko kin dawo. Duk wanda ya ɗaga labule sai ta ce ke ce, har ta cika."

Batulu ce mai wanke gawar mata a unguwar, don haka ta nemi ruwan ɗumi da sabulu, ta shiga ɗakin, ta saki labule. Da hannu ɗaya ta ɗaga Rashida, ba ta fi damin kara nauyi ba.

Can daga kasuwa aka gyara lasifikar. Muryar ta tsallako katanga ƙasa-ƙasa, tana kiran mai ganin jini ya matso, kwalba uku ya warke.

Maficin yana nan gefen tabarma inda ta ajiye shi da safe. Ta ɗauka, ta kori ƙudan da ya sauka a goshin Rashida, ta ci gaba da fifitar har ruwan ya huce.