Inda Aka Ce Na Nutse

Kwandon furannin a hannuna yake, don ni aka ce in ɗauko. Ni ne ma na tsinko su da safe a bayan katanga, jajayen nan da ko awaki ba sa ci. Baturiya Lena tana gaba riƙe da hannun ƙaramar yarinya Sika, ta cire takalmi, yashi yana ƙona mata tafin ƙafa tana ɗan tsalle-tsalle. Da muka kai inda ruwa ke lasar ƙasa sai ta waiwayo, ta tambaye ni da guntun Faransancinta ko na san daidai wurin da mahaifin yarinyar ya nutse.

Na dubi teku, na dubi Sika. Sai na ɗaga hannu na nuna tsohuwar rijiyar unguwarmu, wadda yanzu take tsaye ita kaɗai a cikin ruwa kamar bututun siminti.

"Can ne," na ce.

Sunana Edo. Ni ne mahaifin Sika.

* * *

Shekara uku ke nan da teku ya cinye gidanmu. Ba a rana ɗaya ya ci ba. Ya fara da bishiyoyin kwakwa, ya ci murhun da matata Abla ke banda kifi, sannan ya shigo ɗaki. Muka koma rumfar ganyen kwakwa a bakin titin Aneho. Kifi ma ya ja baya, mai kwalekwalen da nake bi ya rage mutane, ni ina cikin waɗanda aka rage.

A rumfar nan Direkta Amuzu ya same mu, da farar rigarsa da turarensa. Ya buɗe gidan marayu, inda samari da 'yan matan Turai ke zuwa aikin sa kai, wasu mako biyu, wasu wata guda, su ga ƙasa su kuma taimaka. Ya ce Sika za ta yi makaranta, ta ci sau uku, ta kwana cikin gidan sauro. Sharaɗi ɗaya ne: a takarda ba ta da kowa. Ya ce ba wanda zai biya kuɗin jirgi ya zo don yarinyar da ubanta ke zaune yana gyaran komar kamun kifi. Ni kuma zai ba ni gadin ƙofa, in riƙa ganinta kullum.

Abla ta ƙi har kwana uku. A na huɗu zazzaɓi ya kwantar da Sika, jikinta kamar garwashi. Da ta tashi, Abla ta wanke ta, ta yi mata kitso, ta miƙo mini ita ba tare da ta dube ni ba. Ta ce, "Baban Sika, ka kai ta." Shekararta uku a lokacin.

A takardar an rubuta uwa ta rasu wajen haihuwa, uba ya nutse a teku. Ban iya karatu sosai ba, Mama Yawa mai girki ce ta karanta mini, tana dariya har da riƙe ciki. Tun daga ranar ba ta da sunan da take kira na da shi sai ɗaya.

"Marigayi, zo ka ɗauki tuwonka kafin ya huce. Gawa da ci, ban taɓa gani ba."

Nakan yi dariya in karɓa. Ba mugunta ba ce a wajenta, jikokinta biyu ma suna cikin marayun.

Aikina buɗe ƙofa, ɗaukar jakunkuna, da kuma bango. Duk ayarin da ya zo sai an ba su fenti su ƙawata bangon tsakar gida. Su zana rana, su zana kifi, yara su danna tafin hannu, a ɗauki hoto. Ranar da suka tafi ni kuma in bi da farar ƙasa in shafe, don masu zuwa su sami abin yi. Na shafe zanen rana ya fi sau talatin.

Da farko Sika takan manta, ta rugo tana cewa Baba a gaban baƙi. Sau ɗaya Direkta ya sa ta durƙusa a kan tsakuwa saboda haka. Ban ji daɗi ba, sai na nemi hanya mai sauƙi. Na mayar da abin wasa: duk sanda ta ce mini Kawu sai in ba ta guntun kwakwa. Yarinya ce mai kai, cikin wata biyu ta iya. Har na yi alfahari da ita, Allah ya sani.

Abla kuma Lahadin farkon wata aka yarje mata zuwa, da tiren kifi a ka, a matsayin mai talla.

* * *

Lena ɗaliba ce, rainon yara take karanta a ƙasarsu, wata uku ta zo yi. Ba ni da abin da zan ce a kanta sai alheri. Ita ke cire wa yara ƙaya a ƙafa, ita ta koya wa Sika rubuta sunanta. Da ta karanta takardar Sika sai ta ce yarinyar ba ta taɓa yin bankwana da mahaifinta ba, shi ya sa take yawan shiru. Ta ce a kai ta bakin teku ta watsa masa furanni. Direkta ya ce wannan shawara ta yi kyau ƙwarai, a tabbata an ɗauki hoto.

Na kwana biyu ina juya maganar. In na faɗa wa Lena gaskiya, watakila a rufe gidan, yara ashirin da takwas su koma rumfuna irin tamu. Da na gaya wa Abla, ta daɗe tana juya kifi a kan wayar banda, hayaƙi yana shiga idonta. Sannan ta ce gwaggonta ta ba mu ɗaki a bayan kasuwa. Ta ce in bar su su yi abinsu, Lahadi mai zuwa za mu ɗauko 'yarmu, makaranta ko ba makaranta.

Shi ya sa na ɗauki kwandon da sauƙin zuciya. Na ce a raina, saura kwana huɗu.

Sika ta ɗebi furannin da hannu biyu ta watsa, igiyar ruwa ta dawo mata da rabinsu kan ƙafa. Lena ta durƙusa ta ce mata ta yi wa babanta magana, yana ji. Yarinyar ta kafa wa rijiyar ido.

"Baba, ka kwanta lafiya. Ina jin magana. Na iya rubuta sunana."

Sai ta fashe da kuka, ba irin wanda suke yi in baƙi za su tafi ba. Lena ta rungume ta tana nata kukan. Da ta ɗago ta ga fuskata, sai ta dafa kafaɗata, ta tambaye ni ko na san mutumin.

Na ce na san shi. Na ce ba mugu ba ne, wayo ne dai ba shi da shi.

* * *

Ranar Lahadi Abla ta zo da wuri. A ƙarƙashin tiren kifi ta ɓoyo wata 'yar riga mai ruwan ɗorawa da ta ba tela ya ɗinka. Mama Yawa ta kira mana Sika bayan kicin, ta tsaya tana yi mana gadi, yau ba ta ce Marigayi ba.

Na tsuguna har fuskata ta yi daidai da ta yarinyar. Na yi mata bayani a hankali, yadda na shirya a raina. Na ce wannan ba mai kifi ba ce kawai, ita ta haife ta. Na ce ni ba Kawu ba ne. Na tuna mata rumfarmu, da yadda nake ɗora ta a wuya mu je kallon masu jan koma. Na ce wasan kwakwa ya ƙare, yau gida za mu.

Ta saurare ni har na gama, don tana da ladabi. Ta dubi rigar, ta dubi Abla, sannan ta ja da baya kaɗan.

"Kawu, ba kyau wasa da waɗanda suka mutu. Babana yana cikin ruwa. Kai ma ka nuna mini wurin."

Abla ta miƙa hannu za ta taɓa kitsonta, yarinyar ta kauce. Daidai lokacin mota ta yi oda a ƙofa, sabon ayari ya iso daga filin jirgi. Muka ji yara sun ɗauki waƙar maraba. Sika ta juya da gudu, tun kafin ta kai tsakar gida ta riga ta buɗe hannuwanta, tana jiran duk wanda zai fara saukowa.

Abla ta ninke rigar gida huɗu, ta mayar da ita ƙarƙashin tire, ta ɗora tiren a ka. Motar ta sake yin oda.

"Je ka buɗe musu, Edo," ta ce.

Tun ranar da aka haifi yarinyar ba ta ƙara kira na da sunana ba sai yau. Na tashi na karkaɗe gwiwa. Na bi ta gefen farin bangon da na shafe jiya, bai ma gama bushewa ba, na je na zare sakata.