Kuben da Shelby Ba Ta Karɓa Ba

Lorene Tackett ta dire jakar a kan gilashin kanta da ƙarfi, har harsasan da aka jera don ado suka yi tsalle.

"Ku kuka sayar mini da wannan," ta ce.

Hoyt Crum, mai shagon bindigogin, ya sauke kofin kofinsa a hankali. Jakar hannu ce ta mata, fata ruwan ƙasa, da wani zif a ɓoye a gefe inda ake zura ƙaramar bindiga. Ya gane jakar. Ya gane matar ma, don duk garin babu wanda bai je jana'izar 'yarta ba.

"Maman Shelby," ya ce. "Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri na nan inda kuka bar shi. Bindiga nake so. Yau."

Kwana goma sha ɗaya ke nan da Royce, tsohon mijin Shelby, ya ɓalle ƙofar kicin ɗinta da hantsi, takardar kotun da ta hana shi kusantar gidan tana manne a jikin firji. Shelby tana da bindiga. Tana cikin wannan jaka, jakar kuma tana rataye a ƙusa a bakin falo. 'Yan sanda sun auna, taku huɗu ne daga inda take tsaye zuwa ƙusar. Biyu ta samu ta yi.

Har yau ba a kama shi ba. Jiya kuma matar fasto ta ga wata jar a-kori-kura irin tasa ta tsaya a tsallaken coci, daidai tagar ɗakin da ake renon yara, inda Birdie take, 'yar Shelby mai shekara huɗu. Kafin 'yan sanda su iso motar ta yi gaba. Sun ce za su riƙa zagayawa. Haka suka ce wa Shelby ma.

Hoyt ya durƙusa ya buɗe kanta, ya fito da wata 'yar mitsitsiyar bindiga mai ruwan hoda, ya shimfiɗa ta a kan ƙyalle.

"Wannan mata na sonta. Ba nauyi, ko a aljihun riga..."

"Mayar da abin wasan nan, tsoho."

Muryar daga ƙofar baya ta fito. Odessa ce, matarsa, ƙatuwar mace mai furfura, da rigar aiki ta fata da basilla a hannu. Ita ce badukiyar da ke ɗinka kube a ɗakin baya, rabin matan gundumar da ke yawo da bindiga a ƙarƙashin riga aikinta suke ɗaure da shi.

"Shekara talatin yana sayar da bindiga," ta ce wa Lorene, "har yau gani yake ƙaramar mace sai ƙaramar bindiga. Wannan 'yar firit ɗin ta fi jaki shuri. Harbi ɗaya za ki yi ki jefar da ita."

"Ai launin..."

"Launin zai harbi wa? Je ka duba kofinka, yana hucewa."

Hoyt ya mayar da ita cikin kanta. Idon Odessa ya sauka kan jakar, ya daɗe a can.

"Ran da kika saye ta ba na nan," ta ce. "Da ina nan da ba ta fita daga shagon nan ba."

"Da kina nan da na je wani shagon." Muryar Lorene ba ta yi rawa ba, ta riga ta faɗa wa kanta wannan maganar sau ɗari. "Ni na matsa. Shelby a ƙugu ta so ta ɗaura. Na ce mata mace da ƙarfe a wando kamar ɗan fashi, a coci ma sai an gani. Na sayo mata wannan ranar haihuwarta, na naɗe da takarda mai fure. Ta rungume ni ta ce ta yi kyau."

Odessa ba ta ce mata ba laifinki ba ne. Basillar ta ajiye ta miƙo hannu.

"Mu ga hannuwanki."

Lorene ta miƙa. Shekara ashirin da shida a kamfanin fiɗar kaji, tsaye cikin sanyi da wuƙa, sun bar mata gaɓoɓi a kumbure da yatsu a karkace. Odessa ta juya su, ta matsa nan, ta matsa can, kamar mai tayin akuya.

"To. Tsoho, ɗauko mini guda uku na layin tsakiya, da akwatin harsashi. Mu je baya."

A bayan shagon akwai wani fili mai tudun ƙasa a ƙarshe, da alluna masu zanen mutum. Odessa ta toshe mata kunnuwa, ta ɗora mata ta farko a hannu, ba harsashi, ta ce ta ja samanta baya ta ɗana. Lorene ta kama da yatsu ta ja. Ƙarfen bai motsa ba. Ta sake ja har haƙoranta suka haɗu, yatsun suka zame, farce ya tsage.

Nan ne abin ya zo mata. Ba ta yi kuka a asibiti ba, ba ta yi a bakin kabari ba, sai ga shi a bayan shagon Hoyt Crum, saboda wani guntun ƙarfe ya ƙi ja.

"Ko ɗana ta ba zan iya ba," ta ce. "Zai zo ya ɗauke yarinyar nan ina tsaye ina kokawa da bindiga."

Odessa ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta zaro ƙyalle daga aljihu ta ba ta.

"Kin gama? To daina ja. Maza ne ke ja, su da ƙarfi ya yi wa yawa. Kifa tafin hagu a sama, ki damƙe kawai. Matso da ita jikinki. Yanzu tura da dama, kamar za ki tura ƙofar da ta cije."

Lorene ta tura. Ƙarfen ya ja baya ya dawo da ƙara, ƙas.

"Sake."

Ta sake, har sau goma.

Ta farko ta yi wa tafinta faɗi, yatsanta bai kai kunama ba. Ta biyu ta yi tsalle a harbin farko har wuyan hannunta ya amsa. Ta uku baƙa ce, siririyar mariƙa, ba ƙarama ba kuma ba babba ba, ta zauna a hannunta kamar an auna. Harbi biyar, huɗu a ƙirjin allo, ɗaya a ƙasa.

"Ka gani, tsoho?" Odessa ta ce wa Hoyt, da ke tsaye a bakin ƙofa. "Ta fi ka, kai da ka harbi motar suruki ka ce barewa ce."

"Hazo aka yi ran nan."

"Hazon kwalba."

Lorene ta juya bindigar a hannu, bakinta a ƙasa kamar yadda aka nuna mata. Ta san wannan mariƙar. Ta taɓa ganinta ta leƙo daga zif.

"Irin ta Shelby ce."

"Irinta ce," in ji Odessa. "Ita ma sai da ta gwada uku."

Suka koma ciki. Hoyt ya ba ta takardu ta cike, ya shiga ofis ya tura sunanta a bincika, Odessa kuma ta ja ta ɗakin ɗinki, inda fatu ke rataye, warin jima ya cika ko'ina. Ta zube mata kube kala-kala a kan tebur. Na idon sawu, wanda sai ka durƙusa kafin ka kai gare shi. Na maƙalawa a rigar mama, wanda Odessa ta ce ita ba ta son bakin bindiga kusa da zuciyar kowa. Na roba mai naɗe ciki, wanda a zafin watan Yuli sai ya jiƙe sharkaf.

"Ke na bel za ki ɗaura, ta cikin wando, a ƙugun dama. Wa kuke kwana da shi a gida?"

"Ni da Birdie ne kawai."

"Tana hawa jikinki?"

"Ba ta sauka. Tun ran nan. Tana ƙarƙashin tebur abin ya faru. Ko bayi zan shiga sai da ita."

"A wane ƙugu kike saɓa ta?"

"Dama. Kafaɗar hagu ta mutu tun a kamfani."

Odessa ta girgiza kai. "Ƙugu ɗaya ba ya ɗaukar yarinya da bindiga. Daga yau dama ba nata ba ne. In kin shiga gida, bindigar a akwatin ƙarfe mai makulli, a sama. In kin fito, a jikinki. Ba a jaka ba, ba a mota ba."

"Hagun ba zai ɗauke ta ba."

"Zai koya."

Ta ɗauko tef ɗin awo, ta yi bayani tana zagaya shi. Ƙugun mace ba na namiji ba ne, kuben kasuwa sai ya tura mariƙar cikin haƙarƙari ko ya turo ta waje kowa ya gani. Ita jiƙa fatar take yi ta matse ta a jikin irin bindigar, ta karkata ta daidai da kwankwason mai ita, ta bar ta ta bushe da kanta.

"Sati uku," ta ce.

"Ba ni da sati uku. Jiya aka gan shi."

Odessa ta tsaya, tef ɗin yana zagaye da ƙugun Lorene. Ta dubi lambar da babban yatsanta ya danne. Ta sake duba ta. Hoyt ya shigo da takarda a hannu zai ce komai ya yi daidai, ya ga fuskar matarsa, ya tsaya.

"Odessa," ya ce a hankali. "Anya?"

"Ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Sauko da shi."

Ya hau kujera ya sauko da wata jakar takarda daga saman kanta. An rubuta suna a jiki da baƙin alƙalami. Lorene ta karanta sunan 'yarta, ta zauna a kan bencin ɗinki.

"Sati biyar da suka wuce ta zo," in ji Odessa. "Ta ce jakar ba ta yi mata, kullum sai ta ajiye ta in za ta ɗauki yarinya ko ta ɗora tukunya. Na auna ta a nan inda kike tsaye. Awonku ɗaya, ko rabin inci babu. Ranar Talata na gama, na kira ta Laraba, ta ce za ta biyo Juma'a in ta tashi aiki."

Ranar Alhamis Royce ya zo.

"Ba ta gaya mini ba."

"Ta ce kar a gaya miki. Ta ce Mama ta zaɓo jakar nan da kanta, sai ta ji ba daɗi. Wai za ta ci gaba da rataya ta duk ran da za ta gidanki, da kayan kwalliya a ciki, bindigar tana ƙugu, ba za ki taɓa sani ba."

Lorene ta zaro kuben. Fata ce mai laushi ta ciki, mai tauri ta waje, da maɗauri na babban yatsa a sama. A bayansa, inda zai taɓa jiki, an buga wani ɗan ƙaramin tsuntsu.

"Ita ta ce a sa," in ji Odessa. "Saboda sunan yarinyar, Birdie, wato ɗan tsuntsu."

Odessa ta ɗaga ta tsaye, ta zura mata bel, ta maƙala kuben ta ciki, ta saka bindigar ba harsashi, ta sauke rigar a kai. Ko alama babu. Ta sa ta ɗaga riga da hagu, ta ɓalle maɗauri, ta zaro, ta mayar, sau ashirin, har hannun ya daina lalube.

Da za ta fita Hoyt ya ɗora hannu a kan jakar ruwan ƙasar.

"Bar ta nan, Maman Shelby. Ni zan ƙona ta da hannuna."

Lorene ta dube ta. Ta janye ta daga ƙarƙashin hannunsa ta rataya a kafaɗa.

Ƙarfe uku ta isa cocin. Birdie na zaune a kan matakala kusa da matar fasto, ba ta wasa da kowa. Tana hango ta ta taso da gudu, ta nufi ƙugun dama kamar kullum, hannuwa a sama. Lorene ta juya jiki da sauri ta tare ta da hagu. Da ta ɗaga ta, kafaɗar ta yi wani irin suka har idonta ya kawo ruwa.

Suna tsakiyar filin ajiye motoci jar a-kori-kura ta shawo kwana. Ta rage gudu. Ta tsaya daidai bakin shinge.

Lorene ba ta san lokacin da ta juya yarinyar bayan jikinta ba. Hannun dama ya riga ya shiga ƙarƙashin riga, babban yatsa a kan maɗauri, tafin ya cika da mariƙa. Ba ta yi taku ko ɗaya ba.

Gilashin motar ya sauka. Wani tsoho ne da hular kaboyi, ya jefa wasiƙa a akwatin gidan waya, ya ɗaga mata hannu, ya wuce.

Ta tsaya a nan, hannun bai fito ba. Taku huɗu. Abin da Shelby ta buƙata ke nan, a ce babu su, kuma ita ce ta sa su tsakanin 'yarta da bindiga, naɗe da takarda mai fure.

"Kaka," in ji Birdie, bakinta a wuyanta. "Ba nan nake zama ba. Can gefen."

"Yanzu nan ne wurinki."

"Can ɗin ciwo yake yi?"

"Ciwo yake yi, uwata."

Yarinyar ta miƙa hannu ta kamo igiyar jakar, ta jawo ta kusa da hancinta ta shinshina ƙamshin uwarta, ta kwantar da kai. Lorene ta gyara mata zama a kan hagun, ta cije leɓe, ta nufi mota.