Gungumen Rabon Ruwa

"Ku tare shi! Ku tare mana!"

Ihun da Malama Luh Sariasih take yi ke nan, amma ina! Rabin gungumen ya riga ya kuɓuce mata. Ruwa ya wulwula shi sau biyu, ya shige da shi ramin da ke bi ta ƙarƙashin tudu. Ɗaya rabin yana hannunta, gara ta cinye cikinsa. Yara talatin da biyu 'yan aji biyar suka yi cirko-cirko a kan kunyar gona, littattafai a hannu.

Da safe ta kwaso su daga makarantarsu ta garin Tabanan, su ga yadda ƙauyen da aka haife ta yake raba ruwan shinkafa ba a zubar da ko ɗigo. A nan magudana take rabuwa biyu, ɗaya ta yi gonakin tudu, ɗaya ta yi ƙauyen gangare. Gungumen da ke gicciye shi ne alƙali. An sassaƙa masa giɓi biyu, kowanne da faɗin yatsun da kakanni suka shirya a kai, ba a taɓa rubuta shi a takarda ba. Ba mai taɓa shi sai shugaban manoma, shi ma sai ya ajiye furanni da turare. Shugaban kuwa mahaifinta ne. Shi ya sa da yaran baya suka ce ba sa gani, ta tattare zaninta, ta shiga ruwa ta ɗaga, kamar kayan ɗakinsu.

Yanzu ga ruwa nan yana kwarara tudu gaba ɗaya. Magudanar gangare ta koma laka, ƙananan kifaye suna tsalle a ciki.

"Bu Guru, wannan ma mu rubuta?" in ji wata ɗaliba, Komang Ayu, daga layin gaba; haka suke kiran malamarsu.

"Rufe mana baki, mai kan kwakwa!" wata ta zungure ta.

Ba wanda ya yi dariya, don ga mahaifinta, tsoho Nengah Rauh, yana tahowa, fartanya a kafaɗa. Ya dubi ruwan, ya dubi abin da ke hannun 'yarsa.

"Bapa, ɗagawa kawai na yi."

"Kin ajiye fure?"

Ba ta ajiye ba. Ta san dokar tun tana ƙarama: gidan da ya taɓa gungume, a datse masa ruwa har girbi ya wuce. Kwana huɗu ke nan da mahaifiyarta ta gama dashe da ciwon bayanta.

Ta rage murya. "Ai ruɓaɓɓe ne, Bapa. Ko ban zo ba, zai karye. A ce ruwa ne ya yi."

Komang Ayu ta ɗaga hannu kamar a aji. "Kaka, mu ba mu ga komai ba. Ko ba haka ba, jama'a?"

"Ba mu gani ba!" suka amsa baki ɗaya.

Tsohon ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Madalla, Luh. Kin kawo su koyon tattalin ruwa, za su koma gida da ƙarya. Karatu ya yi rana."

Ya fara da yanko ƙasa ya tare bakin magudanar tudu, har ruwa ya soma sulalawa gangare. Daga nan ya wuce gonarsa, ta uku daga sama. Luh ta bi shi tana santsi. Ya durƙusa a mashigar ruwan, ya dinga cusa laka da hannunsa.

"Bapa, bari a yi taro mana! Wataƙila su yafe."

"Shekara goma sha tara ina datse wa mutane ruwa. Na datse wa ƙanena. Da wane baki zan nemi a yafe mini?"

Ta miƙa hannu za ta taya shi.

"Bari. Hannunki ya yi aikinsa na yau."

Ruwan ya tsaya. 'Yan tsiran shinkafar suna tsaye kore shar, ba su san an yanke musu hukunci ba. Ta tsuguna a kan kunya, hawaye suna ɗiga a rigar aikinta.

Sai ƙarar babur. Wani ƙaton mutum da baƙin ƙyalle ɗaure a ka ya sauko, ya ratsa yaran ba ko gaisuwa. Luh ba ta taɓa ganinsa ba, da alama mahaifinta ma haka.

"Kai ne Nengah Rauh? Ni ne sabon shugaban gangare. Tsohon shugabanmu ya rasu, mun ƙone gawarsa bisa al'ada watan jiya."

Mamacin ne kaɗai, bayan mahaifin Luh, ya san awon giɓin nan. Ta dubi guntun da ta yar a ciyawa: giɓin tudu ne a jikinsa. Na gangare yana cikin rami.

"Gobe za a sassaƙa sabo," in ji tsohon. "Yatsu bakwai naku, kamar kullum."

Baƙon ya ware yatsunsa masu kauri kamar ayaba, ya dube su.

"Tara," ya ce. "Kuma da yatsuna za a auna."